Bugu Goma Sha Shida na Don Fulgencio

"Ku buɗe kunnuwanku da kyau," in ji Don Fulgencio Peguero, aska a hannunsa, maƙogwaron wani bawan Allah a ƙarƙashinta. "Ranar Lahadin nan, mutum goma sha shida cikin yarana za su yi bugu mai rai a wasa ɗaya. Goma sha shida, ba ragi! In ban yi ba, ku daina kirana Janar."

Ba wanda ya musa. To wa zai yi gardama da mai aski alhali wuyansa na hannunsa? Maganar Janar ɗin kuwa, shi ya raɗa wa kansa. Mu a Palo Seco, Lasifika muke ce masa, sai dai a bayan idonsa.

Kada ku ɗauka mugu ne. In mutum ya kwanta ciwo, Fulgencio zai ɗauki jakarsa ya je har gida ya yi masa aski kyauta, illa dai mara lafiyan zai sha labari har ya gwammace ciwon. Labarin kuma ɗaya ne. Wai yana saurayi wani Bature ya taso takanas daga Amurka don ya ga jifansa, sai aka wayi gari da ruwan sama. Shekara arba'in ke nan ruwan nan bai ɗauke ba. Kowace shekara jifan na ƙara gudu, Baturen na ƙara tsawo.

Shi ne kocin ƙungiyarmu ta besbol, Kunamun Palo Seco, shekara goma sha tara, saboda a shagonsa ake ajiye buhun sanduna. Bugu mai rai kuwa kun san shi: ka doki ƙwallo ya faɗi inda ba hannun kowa, ka kwasa da gudu ka taka buhun farko, wato tashar farko, kafin ƙwallon ya riga ka. A duk ƙauyukan rake na bayan San Pedro, ƙungiyar da ta fi tara masu irin wannan bugu a wasa ɗaya ita ce Bijiman Monte Chico, mutum goma sha biyar, shekara ashirin da biyu da suka wuce. Yana nan a littafin Malama Eduviges, tsohuwar malamar firamare mai rubuta mana wasanni tun kafin a kawo lantarki. Kocin da ya yi wannan abu kuwa Don Casimiro ne, yayan Herminia matar Fulgencio.

A nan ƙaiƙayin yake. Casimiro ba mai magana ba ne, bai taɓa yin alfahari ba. Sai dai duk Kirsimeti in an zauna cin abinci, Herminia ta ce, "Yaya, soyayyar ayaba nawa zan zuba maka?" sai ya dubi surukinsa a hankali ya ce, "Goma sha biyar." Shi ke nan abincin Fulgencio ya lalace.

To a makon nan labari ya iso shagon aski cewa gwanin jifan Monte Chico zai yi aure a babban birni, ya kwashi rabin ƙungiyar. Mutum goma sha biyar kacal Casimiro zai zo da su, mai jifansu kuma wani ɗan acaɓa ne wanda ko kaza ba ta kauce wa jifansa. Fulgencio ya rufe shago da rana tsaka ya nufi gida. Ya tarar da Herminia tana tsince wake, ya ɗebi goma sha takwas ya jera a teburi.

"Dubi nan ki ga aikin ƙwaƙwalwa. Tara a fili, tara a benci. Sauran kocoji jakai ne, sai su bar mutum ɗaya ya yi bugu uku, huɗu, duk asara. Ni da zarar mutum ya yi nasa, in cire shi in sa sabo. Kin gane?"

"Na gane, tsoho. Amma wanda aka cire ai ba ya dawowa."

"Ni za ki koya wa dokar besbol?"

"To in suka ƙare fa?"

Ya bugi ƙirji har sai da ya yi tari. "Wa ke sanye da lamba ɗaya? Sunana na cikin takardar 'yan wasa kowace shekara."

Herminia ta share 'yan wasan nasa duka goma sha takwas da gefen hannu, ta zuba su a tukunya.

Lahadi ta zo da rana mai ƙona ƙeya. Duk Palo Seco ta hallara a filin da ke bakin gonar rake, masu suyar ayaba sun kafa kaskonsu, rediyo uku na kiɗa uku daban-daban. Fulgencio ya fito cikin rigarsa mai lamba ɗaya, wadda aka ɗinka tun ƙugunsa na rabin haka. Maɓallan nan kowanne na riƙe da ransa. Can gefe Casimiro na zaune a kan kifaffen akwatin lemo, da guntun sigarinsa a baki wanda bai taɓa kunnawa ba.

"Suruki!" Fulgencio ya ƙwala masa kira don kowa ya ji. "Ka zo da hankici? Yau za ka share hawaye."

"Na zo," in ji Casimiro.

Aka fara. Mai bugunmu na farko, Wilkin, wanda ya fi kowa gudu a ƙauyen, ya ɗauke jifan farko ya aika shi tsakiyar fili. Yana kan buhu yana gyara hula yana murmushi, sai ya ji muryar Janar.

"Alƙali, canji!"

"Janar, me na yi?"

"Ka yi abin da aka sa ka. Je ka zauna."

"Ko gumi ban yi ba! Budurwata fa ta zo kallo, tun safe take ƙarƙashin bishiyar can!"

"To je ka taya ta kallon."

Haka aka yi ta yi. Ɗan acaɓan nan na jifa, yaranmu na duka, Fulgencio na ihun canji. Kafin a gama zagaye na uku muna da ci takwas, su ba ko ɗaya, mutum bakwai kuma sun koma benci. Ku zo ku ga gwanayen Palo Seco a jere kamar masu jiran mota, kowa da ayabarsa a takarda. A fili kuwa an bar mana Melitón mahauci, wanda rabonsa da ganin yatsun ƙafarsa tun aurensa, da wani Domingo da ya manto tabaraunsa a gida, da wasu da suka shiga ƙungiya don rigar kyauta. Amma ba wanda ya damu, don Tiburcio ne ke mana jifa. Siriri ne kamar sandar rake, kunnuwa kamar faranti, amma in ya saki ƙwallo sai dai ka ji ƙararsa a hannun mai cafka. Mutum tara ya kashe a jere, wato ya fitar da su ba su kai buhu ba.

Abu ɗaya ne Tiburcio bai iya ba, shi ne bugu. Shekara uku sandarsa ba ta gaisa da ƙwallo ba. A zagaye na huɗu ya zo, ya rufe ido kamar mai shan magani, ya kai sara. Ƙwallon ya taɓa bakin sanda, ya yi wani tsalle na rashin kunya, ya faɗi bayan buhu na biyu. Fili ya ɗauki sowa. Shi kansa Tiburcio sai da aka ce masa ya gudu.

Fulgencio ya buɗe baki. Bienvenido, mai cafkarmu kuma kyaftin, ya sha gabansa da gudu.

"Janar, don girman Allah, ban da Tiburcio."

"Doka doka ce."

"Wace doka? Kai ka ƙirƙire ta shekaranjiya a kan wake! Duk gari ya ji."

"Bienvenido, tarihi ake kafawa a nan. Alƙali, canji!"

Tiburcio ya tafi benci yana waige. Aka sa Zoilo, mai jifanmu na biyu kuma na ƙarshe, wanda jifansa ba laifi in ya tashi da ƙafar dama. Ba a jima ba mutum na tara ya yi nasa, aka cire shi, sabbin jini suka ƙare ƙaf. Sai Bijimai suka fara shaƙar iska. Ƙwallo zai tashi sama, Melitón ya tsaya, Domingo ya tsaya, wannan ya ce "naka ne", wancan ya ce "ina yake?", ƙwallon ya sauka tsakaninsu lafiya lau. Ci takwas da babu ya koma goma da shida.

Fulgencio ko a jikinsa. Shi ƙafarsa na hanyar teburin Malama Eduviges.

"Malama, nawa?"

"Goma sha uku. Matsa, kana tare mini iska."

"Goma sha huɗu dai! Na yanzun nan fa?"

"Wancan a hannun mai tsaronsu ya faɗo ya suɓuce. Kuskurensa ne, ba bugun yaronka ba."

"Malama, ni na san ƙidaya."

Ta sauke tabarau ta dube shi ta sama. "Fulgencio, sau biyu ka maimaita aji uku a hannuna, kuma ba don kana son fuskata ba."

Ya koma wurinsa yana gunaguni.

Na goma sha huɗu ya zo a zagaye na shida. A na bakwai Bienvenido ya yi na goma sha biyar. An kamo Casimiro! Fulgencio ya cilla hula sama, ya rungumi wata mai suyar ayaba da ba su ko gaisawa. Saura ɗaya tak, kuma mutum uku ne ba su yi ba: Melitón, da Domingo, da Zoilo mai jifa, ga su nan a jere suna zuwa. Melitón ya doki ƙwallo da ƙarfin mai sara ƙashi, amma kafin tumbinsa ya yarda ya bi shi, ƙwallon ya daɗe da isa buhu. Domingo ya sari iska sau uku, ya juyo yana tambayar ko an fara jifan. Mutum biyu sun mutu, saura ɗaya zagayen ya ƙare. Zoilo ya ɗauki sanda.

"Ajiye," in ji Fulgencio. "Wannan aikin manya ne. Alƙali, canji! Lamba ɗaya!"

Daga kan buhun farko Bienvenido ya ɗora hannu biyu a ka. "Janar! In ka cire Zoilo, wa zai yi mana jifa?"

"Wanda ruwan sama ya hana zuwa Amurka!"

Ya tako kamar zakaran da ya gaji gidan kaji. Ya tofa yawu a tafi, ya nuna gonar rake da sanda, wai can ƙwallon zai kwana. Saran farko, hularsa ta faɗi. Na biyu, ya juya kamar ƙofa har suka haɗa ido da alƙali. Na uku kuwa, mai cafkarsu ya riga ya kama ƙwallon, har ya fara tunanin mayar da shi, sannan sandar Janar ta zo wucewa.

"Rana ce ta shiga idona," in ji shi. Ranar kuwa tana bayansa.

Sai aka shiga zagaye na takwas, Fulgencio ya hau tudun jifa. 'Ya'yana, na ga abubuwa a rayuwata, amma ban taɓa ganin ƙwallo mai ladabi irin wannan ba. Tafiya yake kamar tsohuwa ta taso daga coci, tana tsayawa gaisuwa a hanya. Mai bugunsu na farko sai da ya gyara wando, ya sake riƙon sanda, sannan ya aika shi cikin rake. Na biyu ma haka. Na uku ya yi dariya har ya kusa faɗuwa, duk da haka ya buga. Da mutum shida suka wuce ba wanda ya mutu, Fulgencio ya sauko ya nufi alƙali yana murmushin 'yan siyasa.

"Mutumina, a dawo mini da Tiburcio. Ɗazu kuskuren baki na yi."

"Wanda ya fita ya fita, Don Fulgencio."

"Shekara nawa ina yi maka aski?"

"Shi ya sa nake yawo da hula."

Janar bai karaya ba. Ya nemi hutun shan ruwa, ya ja Tiburcio da Domingo bayan rumfar masu suya. Jim kaɗan sai ga wani dogo ya fito cikin rigar Domingo, wadda ta tsaya masa a cibiya, ya ja hula har hanci, ya nufi tudun jifa yana ɗingishin ƙarya.

"Domingo zai karɓi jifa!" in ji Fulgencio.

Malama Eduviges ko miƙewa ba ta yi ba. "Tiburcio Sosa, kunnuwan nan shekara shida ina jan su. Koma ka zauna kafin in zo in ƙara."

Ya koma. Alƙali ya ce in aka sake irin wannan zai tashi wasan. Fulgencio ya juya ga sauran da ke fili, ya ɗaga ƙwallo sama.

"Wa zai taimaki ƙungiya? Melitón?"

"Kafaɗata, Janar. Jiya na feɗe shanu biyu."

Sauran duk suka sami abin kallo a sararin sama. Bienvenido ya tsuguna a wurinsa, ya buga tafin safar hannunsa. "Jefo, Janar. Ai yau ba hadari."

A nan ne Don Casimiro ya yi abin da bai yi ba tun safe: ya miƙe daga kan akwatin lemo. Ya taka a hankali zuwa teburin Malama.

"Mu nawa muke?"

"Tara. Duk na filinka sun yi."

Ya juya ya dubi bencinsa, mutum shida na zaune suna hamma. Ya dubi surukinsa a kan tudu yana haki. Ya matsar da sigari daga wannan gefen baki zuwa wancan.

"Ku tashi," in ji shi.

Sai Fulgencio ya ji kalmarsa ta fito daga bakin wani. Alƙali, canji. Goma. Alƙali, canji. Goma sha ɗaya. Akwai wani cikinsu da ya zo da silifas don bai taɓa zaton za a sa shi ba, shi ma ya buga. Da Malama ta ce goma sha biyar, bencin Monte Chico ya zama wayam, Fulgencio ya sauke ajiyar zuciya. Ko ba komai, an yi kunnen doki.

"Ba ni sanda," in ji Casimiro.

Shekararsa saba'in da ɗaya. Shi ma ashe sunansa na cikin takarda, bai dai taɓa gaya wa kowa ba. Ya tsaya da sanda a kafaɗa kamar mai zuwa gona.

"Suruki, ka rufa wa kanka asiri," in ji Fulgencio. "Jifan nan ya taɓa karya wa mutum haƙarƙari."

"Jefo."

Ya jefo da duk abin da ya rage masa, har wani maɓalli ya yi tsalle ya bar rigar. Casimiro ya jira, ya jira, ya ɗan taɓa ƙwallon kamar mai korar ƙuda. Ƙwallon ya haye kan Melitón ya gangara cikin rake. Tsohon bai yi gudu ba. Takawa ya yi har buhun farko, a hanya ma ya tsaya ya gaida ƙanwarsa.

"Goma sha shida," in ji Malama Eduviges, ta ja layi biyu a ƙarƙashi.

Yadda zagayen nan ya ƙare, ƙishirwa ce ta taimake mu, don Bijimai sun gaji da gudu suka fara ba da kansu. Aka shiga bugunmu na ƙarshe suna da ashirin da huɗu, muna da goma sha ɗaya. Mutum biyu suka mutu, layi ya sake zagayowa kan Janar. In ya yi bugu mai rai, mu ma mun kai goma sha shida, a raba tarihin biyu. Wallahi har ni sai da na yi masa addu'a.

Kuma ya buga! Ƙara ta tashi tas, ƙwallon ya tsallake mai tsaron buhun farko, ya gangara dama, daidai inda aka ajiye Casimiro don kada ya wahala. Ko jariri ya rarrafa zai isa. Amma Fulgencio ya tsaya kallon abin da hannunsa ya yi. Ya cire hula ya ɗaga wa jama'a, ya ɗaga wa masu suya, ya juya ya ɗaga wa Malama.

"Gudu, Lasifika!" duk Palo Seco ta faɗa da baki ɗaya, yau ba a ɓoye ba.

Ya zabura. Taku huɗu, bayansa ya ce ƙas, ya riƙe. Ya tanƙware kamar mai neman allura, ya ci gaba da jan ƙafa, hannu ɗaya a ƙugu. Can kuma Casimiro ya sunkuya da ƙyar ya ɗauki ƙwallon. Ya dubi hannunsa, ya ga ba zai iya jifa ba, sai ya taho da shi a ƙafa. Aka kashe rediyo ukun nan. Tsofaffi biyu na tseren kunkuru zuwa buhu ɗaya, wannan na nishi, wancan na tauna sigari. Casimiro ya riga shi isa. Ya taka buhun, ya tsaya ya jira surukinsa ya ƙaraso, ya kama hannunsa ya danƙa masa ƙwallon.

Mutanen Monte Chico suna da al'adarsu. Duk inda za su je wasa, da bunsuru suke tafiya a bayan mota, in sun ci wasa sai su bai wa wanda ya fi kowa yi musu aiki. Suka haɗa kai a tsakiyar fili, ba su ɗau minti ɗaya ba. Sai ga Casimiro ya ratso fili da igiya a hannu, har inda Fulgencio ke kwance a kan benci, Herminia na murza masa baya da man zafi.

"Suruki, yara sun kaɗa ƙuri'a," in ji shi. Rabon da a ji ya yi doguwar magana haka an manta. "Ba wanda ya ƙi. Mutum goma sha shida, kuma kowa ya ce ba don kai ba da bai yi ba."

Fulgencio ya yunƙura zai tashi, bayan ya mayar da shi. "Ni? Ni Janar Fulgencio Peguero in karɓi bunsurun abokan gaba? Ka ɗauke dabbarka kafin in..."

Herminia ta goge hannu a zanenta, ta karɓi igiyar, ta taɓa cinyar bunsurun ta ji nama.

"Kwanta, tsoho, kada ka ƙara ji wa kanka. Shekara goma sha tara kana wasan nan, yau ne kaɗai ka kawo mana abin sawa a tukunya."